Mariƙin ƙaramar bindigar iska yana girgiɗi, ɗaure noti kuma bai magance ba

Sabon Maharbi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wasan harbi na mita 10, domin akwai matsalar da ta hana ni sakat tun farkon watan Disamba. Ni ɗalibi ne a Jamus, kuma bara na shiga ƙungiyar maharba ta garin da nake zaune. A watan Agusta na sayi ƙaramar bindigar iska ta hannu a wurin wani dattijo ɗan ƙungiyarmu wanda ya daina gasa saboda ganinsa ya yi rauni. Irin mai tukunyar iska ce a ƙarƙashin bututu, tana cin ƙwayar dalma mai kaurin milimita 4.5, mariƙinta kuma na katako ne wanda aka sassaƙa daidai da siffar hannu, da ɗan matokari a ƙasa inda gefen tafin hannu yake zama. Dogon noti guda ɗaya ne yake riƙe da mariƙin, ana kai masa alanki ta wani rami da ke gindin katakon.

Lokacin da na saye ta babu inda take motsi. Da sanyi ya shigo sosai sai na fara jin wani ɗan girgiɗi tsakanin katakon da jikin ƙarfen, ba mai yawa ba, amma idan na riƙe mariƙin da hannun dama na kama bututun da hagu na jijjiga, ina jin yana cewa ƙas-ƙas zuwa hagu da dama. Na ɗaure notin sau uku. A karo na ƙarshe na matsa har alankin ya fara lanƙwasa, notin ya tsaya cak, ba ya ƙara juyawa ko kaɗan, amma girgiɗin yana nan kamar ban taɓa shi ba. Wannan shi ne abin da ya ɗaure mini kai, domin a sanina noti idan ya ɗauru abin da ya riƙe ma ya ɗauru ke nan.

A gasar ƙungiyoyi da muke yi da sanyi harbi 40 ake yi, kuma makina ya sauko daga wajen 352 zuwa 340, harbin da ya kauce kuma yawanci gefe yake tafiya. Ba na son in ɗora wa kayan aiki laifin hannuna, amma ina so in kawar da wannan shakku. Akwai wata gasa nan da mako uku. Shin in zuba gam ne, ko in sayi sabon mariƙi, ko akwai gyaran da ɗalibi mai ƙaramin aljihu zai iya yi a ɗakinsa?

Ɗan Gareji ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ni a wurin aikina duk notin da ya dame mu da kwancewa jan maganin zare, wato ruwan da ke daskarewa ya riƙe zaren noti, muke ɗiga masa, kuma daga ranar ba ya sake motsi. Ka samu irinsa ka ɗiga a zaren, sa'an nan ka zuba gam mai saurin kamawa a tsakanin katakon da ƙarfen, ka ɗaure ka bar shi ya kwana. Ba na jin za ka sake jin wani ƙas-ƙas.

Kafintan Kurmi ya amsa:

Malam, ni ban taɓa riƙe irin wannan bindiga ba, aikina katako ne shekara ashirin da ɗoriya, saboda haka a kan katakon kaɗai zan yi magana. Abin da ya ja hankalina a bayaninka shi ne watannin da ka ambata. Ka saye ta a Agusta lafiya lau, ta fara motsi a Disamba. Katako ko ya shekara hamsin da yankewa bai daina shan danshin iska yana sakinsa ba. Mu nan muna ganin haka kowace shekara: ƙofar da take cijewa da damina har sai an sa mata kafaɗa, ita ce da hunturu za ka hangi tsakar gida ta tsagarta. Ku can sanyinku da kansa ba shi ne matsalar ba, na'urar ɗumama ɗaki ce take busar da iska kamar yadda iskar hunturu take yi mana, kuma idan akwatin bindigar yana kusa da ita, to katakon ya sha bushewa sosai.

Katako ba ya raguwa daidai ta kowane ɓangare. Ta tsawon jijiyarsa kusan ba ya motsi, amma ta faɗi da kauri yana tsukewa, kuma ragin rabin milimita a abu mai girman tafin hannu ba abin mamaki ba ne. Ƙarfe kuwa ba ruwansa da danshi, yana nan yadda yake. Saboda haka gurbin da aka fafe wa ƙarfen ya daina kama shi yadda ya kamata, katakon da ke ƙarƙashin kan notin kuma ya ragu.

Na san wani zai ce maka ka yi dabarar manoma, wato idan ƙotar fartanya ko ta gatari ta yi sako-sako a jiƙa ta a ruwa ta kwana. Kada ka yi. Katakon da aka jiƙa yana kumbura ya matse jikin ƙarfe har jijiyoyinsa su murƙushe, idan ya sake bushewa sai ramin ya fi na da faɗi, shi ya sa ƙotar da aka saba jiƙawa kullum sai an ƙara jiƙa ta. Ga kuma tsatsa da zai jawo wa notin. Abin da zan ba ka shawara shi ne ka nisanta akwatin daga na'urar ɗumama ɗaki, kuma bayan ka gama duk gyaran da masana bindiga za su gaya maka, ka shafa ɗan man katako siriri a cikin gurbin, musamman inda bakin jijiyar katako ya bayyana, domin ta nan danshi ya fi shiga da fita. Masu ƙera mariƙi sukan gyara waje ya yi sheƙi su bar ciki tsirara. Ka kuma kiyaye kada man bindiga ya riƙa gangarawa cikin gurbin, domin yana jiƙa katako ya mai da shi laushi kamar soso.

Baban Hauwa ya amsa:

Sannu da ƙoƙari, ɗana. Na shafe shekaru ina wannan wasa a wata ƙungiya a nan Ingila, kuma abin da ka bayyana na gan shi a hannun mutane da dama. Kafin komai, ka tabbatar babu ƙwaya a ciki, ka kwance tukunyar iskar ka ajiye ta gefe, ka buɗe mazubin ƙwayar ka zura igiyar tsaro ta cikin bututu kamar yadda ake yi a filin harbi. Tukunyar nan iska ce a cikinta mai matsin da ya kai bar 200, ba a aiki a kan bindiga tana ɗaure.

Maganar Malam Kafinta gaskiya ce, ita ce kuma tushen abin, amma akwai jimla ɗaya a cikin bayaninka da ta nuna mini inda matsalar take a yanzu. Ka ce notin ya tsaya cak amma katakon yana motsi. Noti yana tsayawa ne saboda ɗayan dalilai biyu: ko kansa ya danne abin da aka ɗaure, ko kuma bakinsa ya kai ƙarshen ramin da yake shiga. Idan na biyun ne, duk ƙarfin da ka sa a ƙasan ramin yake ƙarewa, ko kaɗan ba ya isa ga katakon. Da katakon yana da cikakken kaurinsa kan notin yana riga bakinsa isa, amma da ya bushe, ga kuma shekarun da tsohon mai ita ya yi yana ɗaurewa har kan notin ya nutse cikin katako, sai notin ya zama ya yi tsawo.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka kwance notin kana ƙirga zagayen da ya yi kafin ya fita. Sa'an nan ka cire mariƙin gaba ɗaya, ka mai da notin shi kaɗai cikin raminsa da yatsu, kana ƙirgawa har ya tsaya. Idan ƙirgan biyu sun zo daidai, to notin ƙasan rami yake tokara. Ka duba bakinsa ma, sau da yawa za ka ga ya yi ƙyalli saboda gugar ƙarfe. Maganin shi ne wasa, wato ɗan faifan ƙarfe mai huda da ake sawa a ƙarƙashin kan noti. Idan notin M5 ne, wato mai kaurin milimita 5, kowane zagaye ɗaya yana tafiyar milimita 0.8, wasan da aka saba sayarwa nasa kuma kaurinsa milimita 1 ne, ka ga wasa ɗaya ya ba ka sarari fiye da zagaye guda. Idan M4 ne, zagayensa milimita 0.7 ne. Wasan yana da wani amfani na biyu, domin yana baza nauyin kan notin a fili mai faɗi, katakon ya daina lotsawa. Wasu sukan rage tsawon notin da magagari, hakan ma yana yi, sai dai abin da ka goge ba ya dawowa, wasa kuwa idan damina ta zo katakon ya kumbura kana iya cire shi.

Idan ka cire mariƙin, ka lura da ƙasan jikin ƙarfen da kyau. Bindigogin gasa da yawa, irin su Steyr LP10, suna da ƙananan notuna marasa kai a wurin, waɗanda aikinsu saita kusurwar mariƙi ne, kuma a kan bakinsu mariƙin yake zama. Idan ɗaya ya koma ciki, ko ya haƙa rami a inda yake tokara, mariƙin zai riƙa rawa kamar kujerar da ƙafarta ɗaya ta gaza. Kada ka juya ko ɗaya kafin ka ɗauki hotonsu ka auna tsawon da kowanne ya fito, in ba haka ba za ka gyara girgiɗi ka ɓata saitin da hannunka ya saba da shi. Domin ka ga inda ƙarfe yake taɓa katako da inda ba ya taɓawa, ka shafa ɗan kwalli ko jan baki a ƙasan ƙarfen, ka mai da mariƙin ka ɗaure a hankali, ka sake cirewa. Tabon da ya fito zai nuna maka komai.

Game da makinka kuwa, zan faɗa maka abin da ba kowa yake lura da shi ba. Saitin gaba da na baya duk a jikin ƙarfe suke tare da bututu, saboda haka girgiɗin mariƙi ba ya raba saiti da bututu. Inda yake cutarwa shi ne lokacin jan kunama. Dokar ISSF, wato hukumar wasan harbi ta duniya, ta ce nauyin kunama kada ya gaza giram 500, to ka ga duk harbi yatsanka yana jan ƙarfen da rabin kilo alhali katakon ne a tafinka, idan akwai sarari a tsakaninsu ƙarfen zai gusa daidai lokacin da ƙwaya za ta fita. Tazarar saitin gaba da na baya a irin waɗannan bindigogi wajen santimita 35 ce, allo kuma yana mita 10, wato duk kuskuren da ke tsakanin saitin biyu yana ninkuwa kusan sau 28. Gusawar milimita 0.2 kacal ta kai kusan milimita 6 a allo, da'irar maki 10 kuwa faɗinta duka milimita 11.5 ne, daga tsakiya zuwa bakinta bai kai 6 ba. Saboda haka zarginka yana da tushe. Amma ban yi maka alkawarin maki 12 za su dawo duka ba, domin mai harbi da ya san bindigarsa tana motsi yakan ƙara matse hannu, wannan ɗabi'a kuma ba ta tafiya ranar da aka gyara noti.

Injiniya Maman Sadiq ta amsa:

Ina goyon bayan Baba a kan gwajin ƙirga zagaye, shi ya kamata a fara yi. Na shigo ne saboda shawarar Malam Ɗan Gareji, wadda na san da kyakkyawar niyya ya ba da ita, amma a wannan wuri za ta iya jawo asara. Maganin zare kala-kala ne, kuma kalar tana nuna ƙarfinsa. A kayan Loctite, mai lamba 222 launin shunayya ne, an yi shi domin ƙananan notuna da za a riƙa kwancewa. Mai lamba 243 shuɗi ne, ƙarfinsa matsakaici, ana kwance shi da kayan aikin hannu. Jan kuwa, irin su 271, na dindindin ne, ba ya sakin noti sai an gasa wurin da zafin da ya kai wajen digiri 250. A injin mota wannan ba matsala ba ce, amma notin da ke can cikin ramin katako, kusa da robobin da ke riƙe iska, ta ina za a kai masa wuta? Mariƙi kuma abu ne da ake cirewa lokaci zuwa lokaci, domin a wasu bindigogin sai an cire shi ake kai wa ga wasu notunan saiti.

Abu na biyu, maganin zare yana hana noti juyawa da kansa ne kawai. Notin ƙanenmu bai juya ba, a tsaye yake ƙam, katako ne ya janye daga ƙarƙashinsa. Ko kwalba guda aka juye masa girgiɗin yana nan. Maganin yana daskarewa ne a tsakanin ƙarfe da ƙarfe inda iska ba ta shiga, ba ya aiki a cikin katako. Ga masu karatu da bindigarsu take da mariƙin roba, irin Crosman 2240 mai fale-falen roba biyu da noti ɗaya a kowane gefe, su yi hattara ƙwarai, domin irin wannan magani yana sa wasu robobi su yi tsatstsage, kuma masu yin sa da kansu suna gargaɗi a kan haka. A irin wannan wuri ɗigon jan farce a zaren ya wadatar. Gam mai saurin kamawa shi ma ban yarda da shi ba, domin idan ya bushe ƙeƙasasshe ne, zai manne abin da ba a so a manne, daga baya kuma ya fashe.

Idan bayan an sa wasa har yanzu akwai motsi zuwa gefe, to gurbin ne ya yi faɗi. Gyaran wucin gadi shi ne a yanko siririn ƙarfe daga gwangwanin lemo, wanda kaurinsa wajen milimita 0.1 ne, a sa a gefen da tabon kwalli ya nuna babu taɓawa, ana ƙarawa ɗaya bayan ɗaya. Ya fi takarda, domin takarda tana lotsewa kuma tana shan mai. Gyara mai ɗorewa kuwa shi ne a yi wa ƙarfen shimfiɗa da gam mai haɗi biyu, irin Araldite mai jinkirin kamawa. Ana kankare cikin gurbin kaɗan da sanfefa domin gam ya samu abin kamawa, a shafe ƙarfen da notin da man goge takalmi marar kala sau biyu ko uku domin kada gam ya kama su, a toshe duk wani rami ko lungu da gam zai iya shiga ya kulle, a rufe wajen kunama da salatif, sa'an nan a sa gam ɗan kaɗan a wuraren da ƙarfe yake zama, a ɗaure ba da ƙarfi ba, a bar shi awa 24. Wanda ya manta man takalmin ya haɗa bindiga da mariƙi auren da babu saki. Idan kuma mariƙin irin mai saitin kusurwa ne, shimfiɗar za ta tsayar da shi a kusurwa ɗaya, saboda haka sai mutum ya tabbatar ya gamsu da saitinsa tukuna. Man katakon da Malam Kafinta ya ambata sai bayan gam ya bushe, domin gam ba ya kama katako mai maiƙo.

Ƙanena, ka ce ka matsa har alanki ya lanƙwasa. Ka duba zaren ramin da fitila, domin idan a cikin alminiyam aka yanka shi, ƙarfe ne mai laushi kuma zarensa yana cinyewa. Idan ka ga ɓurɓushi mai ƙyalli ko notin yana lilo a ciki, wannan aikin maƙerin bindiga ne, zai sa masa sabon zare na waya irin Helicoil. Nan gaba ka zura dogon hannun alankin a cikin notin ka juya da gajeren, ƙarfin yatsu uku ya isa.

Ɗan Gareji ya amsa:

Na karɓi gyara, Hajiya. Ban yi tunanin robobin iska da ke kusa da wurin ba, kuma gaskiya ne mu da wutar gas muke kwance jan idan ta kama. Ɗan'uwa, ka bi maganarsu ka bar tawa.

Sabon Maharbi ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya da daddare na shimfiɗa tawul a tebur na bi abin da kuka ce ɗaya bayan ɗaya. Baba, maganarka ta tabbata. Da mariƙi a jiki notin ya fita a zagaye tara da rabi, da na mai da shi shi kaɗai ma a tara da rabi ya tsaya, bakinsa kuma yana ƙyalli kamar an goge shi. Da na haska ramin gindin mariƙin na ga kan notin ya haƙa wa kansa gurbi a cikin katakon, babu wasa ko ɗaya a wurin. Notin M5 ne. Da safe na sayo wasa a shagon kayan gini, sai dai faɗinsa milimita 10 ne, ramin kuma ya ɗan gaza haka, don haka na goge gefensa da magagari har ya shige. Yanzu notin yana ɗaurewa a zagaye takwas da ɗan ƙari, kuma ina jin bambanci a hannuna, domin a hankali yake yin nauyi maimakon ya tsaya farat ɗaya kamar da.

Motsin ya ragu ƙwarai amma bai tafi duka ba, sai na yi gwajin tabo da jan bakin da na aro a wurin matar maƙwabcina, wadda har yanzu ba ta gane abin da na yi da shi ba. Gefen dama ya yi tabo sosai, na hagu kuwa kusan babu komai. Na sa yankan gwangwani biyu a hagu, na ɗaure da gajeren hannun alanki kamar yadda Hajiya ta ce, ƙas-ƙas ɗin ya ɓace. Zaren ramin na duba shi da fitilar waya, alhamdu lillahi bai cinye ba, ko da yake na ga ɗan ɓurɓushi a ƙasa wanda na share da auduga. Malam Kafinta, akwatin a ƙarƙashin taga yake, taku ɗaya daga na'urar ɗumama ɗaki, yanzu na mai da shi cikin kabad a ɗaya ɓangaren.

Yau da yamma na je fili na yi harbi 40 na samu 346. Mai horar da mu ya gwada nauyin kunamar ya ce tana nan sama da giram 500, ya kuma sa bindigar a akwatin da ake auna girman bindigar gasa mai zurfin milimita 50, murfin ya rufu lafiya. Ya ce har yanzu ina matse hannu fiye da kima, kamar yadda Baba ya hango. Shimfiɗar gam na bar ta sai bayan gasa, kuma ina tunanin in jira har watan Mayu in ga yadda katakon zai zauna idan an kashe na'urar ɗumama ɗaki, kada in cike gurbin yanzu yana bushe ya zo ya matse daga baya. Malam Kafinta, idan wannan tunani nawa kuskure ne a gyara mini. Akwai kuma matokarin tafin hannu, wanda na lura shi ma yana zamewa ƙasa kaɗan bayan harbi kamar ashirin, notunansa biyu ne ƙanana a cikin dogon rami, gobe zan cire su in ga ko su ma ba su da wasa.